Wa zai tuhumi wanda ya fi ƙarfin kowa? Fashin baƙi kan finafinan sadaukan Amurka

Mintuna kaɗan da fara fim ɗin, sai ga mu a Legas. Wata budurwa na zaune a wurin shan shayi na bakin titi, ta ja hular hana-sallah ta rufe rabin fuska, tana magana ƙasa-ƙasa da abokan aikinta ta na'urar da ke kunnenta. Can sai motar kwashe shara ta taho a guje ta daki ƙofar wata cibiyar binciken cututtuka, 'yan bindiga suka kutsa suka sace kwalbar ƙwayar cuta. Aka bi su cikin kasuwa ana ture rumfuna. Da jagoransu ya ga an ƙure shi, sai ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa. Budurwar nan, Wanda Maximoff, ta tattare wutar da ƙarfin da take da shi, ta cilla ta sama don kada ta cinye mutanen kasuwa. Wutar ta je ta fashe a jikin wani bene cike da jama'a. Maximoff ta toshe baki da hannu, idonta na kan hayaƙin.

Fim ɗin shi ne Captain America: Civil War na 2016, kuma Legas ɗin da aka nuna a birnin Atlanta aka shirya ta. Abin da ya tsaya min a rai ya zo ne bayan fashewar. Mai karanta labarai a talabijin ta cikin fim ɗin ta ce 'yan Wakanda 11, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a labarin, na cikin waɗanda suka mutu. Na cikin waɗanda suka mutu. To sauran fa? 'Yan Legas ne da suka fito neman abinci da safe, ba a ambaci sunan ko ɗayansu ba, ba a nuna jana'izarsu ba, ba a kawo uwa ko matar ɗayansu ta yi magana ba. 'Yan ƙasar da babu ita a taswira sun samu sarki ya tsaya musu a gaban duniya, 'yan ƙasar da ke akwai kuwa sun tafi a hayaƙi.

Daga nan zan kama zaren. Shekara kusan ashirin ke nan finafinan sadaukai, wato jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, suna yawan taɓo maganar wuce gona da iri. Masu sharhi na yaba musu cewa sun girma, sun bar zamanin akta fari fat da bos baƙi ƙirin, sun shiga shubuha. Na yarda sun shiga. Abin da nake ja a kai shi ne yadda suke fita. Suna yin tambayar da gaske: wa zai tuhumi wanda ya fi ƙarfin kowa? Amma idan lokacin amsa ya zo, kusan kullum sai su ce mana kada mu damu, ai zuciyarsa mai kyau ce.

Asalin abin ma da karya doka ya fara. Superman ya fito a mujallar labarin zane a 1938, wasu samari biyu Yahudawa daga birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙirƙire shi lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. A fitowarsa ta farko ya fasa gidan gwamna da tsakar dare don ya hana a kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure, ya kuma naɗa wa wani mai dukan matarsa na jaki. A wata fitowar ya sa mai ramin haƙar ma'adinai ya ɗanɗana abin da leburorinsa ke sha a ƙarƙashin ƙasa. Mafarkin talaka ne wanda ya gaji da kotu da 'yan sanda, yana fatan wani ya zo ya ƙwatar masa haƙƙi da ƙarfin tuwo. Batman ya biyo baya a 1939. Captain America kuma ya bayyana a bangon mujallarsa ta farko yana naushin Hitler tun kafin Amurka ta shiga yaƙi a Disamban 1941.

A 1954 aka taso wa waɗannan mujallu da zargin ɓata tarbiyyar yara, har majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kansu. Kamfanonin suka kafa wa kansu dokar tace labari: dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma ba a yarda a nuna ɗan sanda ko alƙali ta hanyar da za ta zubar da mutuncin hukuma ba. Sadaukin da ya fara da fasa gidan gwamna sai ya koma tamkar dogarin gwamna. Shakka ta dawo bayan yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate da ta kayar da shugaba Nixon, har a 1974 aka rubuta Captain America ya ajiye garkuwarsa da sunansa saboda abin da ya gano a ƙololuwar gwamnatinsa. Finafinai sun makara wajen kamo wannan. Harin 11 ga Satumban 2001 da abubuwan da Amurka ta aikata bayansa ne suka tura su.

Babu inda aka fi ganin haka kamar The Dark Knight na Christopher Nolan, 2008. Ka ajiye baƙar rigar da motar a gefe, ka lissafa abin da Batman ya yi. Ya tafi Hong Kong ya sato wani akanta mai ɓoye kuɗin 'yan daba, saboda babu hanyar doka da za a miƙo shi, ya jefar da shi a ƙofar ofishin 'yan sanda. Ya sako wani shugaban 'yan daba daga bene ƙafafunsa suka karye don ya yi magana. Ya shiga ɗakin tambayoyi, ya tokare ƙofa da kujera don kada 'yan sanda su shigo, ya riƙa buga kan Joker, bos ɗin fim ɗin, da gilashi. A ƙarshe ya mayar da wayar kowane mutum a birnin Gotham kunne da ido, yana sauraron kowa ba da saninsa ba. Mai kallo a Amurka a 2008 ya san waɗannan abubuwa sarai. Satar mutane daga wata ƙasa zuwa wata, azabtarwa a wurin tambayoyi, da sauraron wayoyi ba da izinin kotu ba, wanda jaridar New York Times ta fallasa a Disamban 2005, duk suna cikin labaran yau da kullum na zamanin George Bush. Har wani marubuci ya fito a jaridar Wall Street Journal yana cewa fim ɗin yabo ne ga Bush.

Ban ɗauka yabo ne tsantsa ba, domin fim ɗin ya nuna dukan bai yi amfani ba. Joker dariya yake yi ana dukansa, kuma adireshin da ya bayar ya musanya su da gangan, matar da Batman ke ƙoƙarin ceto ta mutu. Sannan akwai Lucius Fox, dattijon da ke ƙera masa kayan aiki, wanda ya tsaya gaban allunan leƙen asirin ya ce wannan ƙarfi ya yi wa mutum ɗaya yawa, zai taimaka sau ɗaya amma zai ajiye aiki muddin na'urar na nan. Wannan shi ne wuri mafi nauyi a fim ɗin. Amma duba yadda aka warware shi. Na'urar ta yi aiki, an kama Joker, Fox ya rubuta sunansa kamar yadda aka gaya masa, na'urar ta lalata kanta, dattijo ya yi murmushi ya fita. Wato mai ƙarfin ne ya shata wa kansa iyaka, shi ya keta ta, shi ya yanke ranar dainawa. Mutanen Gotham da aka shiga aljihunsu da ɗakunan kwanansu ba su ma san an yi ba. A duniyar gaske kuwa, shekara biyar bayan fim ɗin, Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, ya nuna wa duniya a 2013 cewa irin wannan na'ura ba ta lalata kanta, ƙara girma take yi.

Ƙarshen fim ɗin ya ƙara dagula lissafi. Harvey Dent, mai gabatar da ƙara da birnin ke alfahari da shi, ya haukace ya kashe mutane. Batman da kwamishinan 'yan sanda Gordon suka yanke shawara su biyu cewa jama'a ba za su iya ɗaukar gaskiya ba, sai a ɗora laifin a kan Batman. An nuna mana wannan a matsayin sadaukarwa, kuma akwai sadaukarwa a ciki. Sai dai rufa-rufa ce, kuma raina hankalin talaka ne. Abin mamaki, mintuna kaɗan kafin nan fim ɗin da kansa ya nuna jirage biyu na ruwa, ɗaya ɗauke da fursunoni ɗaya da mutanen gari, an ba kowanne maɓallin tarwatsa ɗayan, kuma babu wanda ya danna. Wani ƙaton fursuna ya karɓi maɓallin ya wurga ta taga. Mutanen da suka iya wannan ne aka ce ba za su iya jin gaskiya ba. A nan dole in yaba wa Nolan, domin a fim na gaba a 2012 ya nuna ƙaryar ta haifi dokar da aka tsare mutane da yawa da ita, sannan ta tonu a bakin abokin gaba.

Mu koma Legas. Bayan fashewar nan, ƙasashe 117 suka amince da wata yarjejeniya mai sunan Sokovia, ƙasar da aka ƙirƙira wadda ta ruguje a fim ɗin 2015 sakamakon gyaran gangar auzinawa da Tony Stark, wato Iron Man, ya yi, lokacin da ya ƙera mutum-mutumin Ultron don ya kare duniya sai Ultron ya juyo kanta. Abin da yarjejeniyar ta nema bai da yawa: kada rundunar sadaukan, wato Avengers, ta sake tsallaka iyakar wata ƙasa ta yi yaƙi sai da amincewar wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya. Stark ya yarda saboda nadama. Captain America ya ƙi. Hujjarsa ita ce kwamiti mutane ne, mutane kuma suna da son rai, za su iya tura su inda bai kamata ba ko su hana su zuwa inda ya kamata, don haka hannunsu ya fi aminci.

Hujjar tana da tushe. A fim ɗin da ya gabata, The Winter Soldier na 2014, ya gano cewa hukumar tsaron da yake wa aiki 'yan Hydra, wata ƙungiyar asiri ta miyagu, sun cinye ta daga ciki, kuma ta ƙera manyan jirage uku da za su riƙa kashe mutane daga sama bisa lissafin kwamfuta cewa wata rana za su zama barazana. Wannan ma ba daga iska aka ɗauko shi ba, zamanin Obama ne da jerin sunayen waɗanda jirage marasa matuƙa za su kashe a Pakistan da Yaman. Mutumin da ya ga wannan da idonsa yana da dalilin tsoron hukuma. Amma ka cire fuskar Captain America mai kwarjini, ka sa maganar a bakin kowane janar da ya taɓa juyin mulki a nahiyar nan, za ka ji ba ta canja ba ko kaɗan: 'yan siyasa ɓatattu ne, ni niyyata tsarkakakkiya ce, ku bar ni in yi abin da na ga ya dace. Mun sha jin wannan a rediyo da asuba.

Fim ɗin bai bari a yi muhawarar har ƙarshe ba. Wanda aka ba tutar yarjejeniyar shi ne Ross, sakataren harkokin wajen Amurka a fim ɗin, mutum mai taurin kai da masu kallo suka riga suka tsana, kuma da ya kama waɗanda suka ƙi sa hannu sai ya kulle su a kurkukun tsakiyar teku ba shari'a. Daga nan labari ya karkata zuwa rikicin abota da tsohon sirrin wanda ya kashe iyayen Stark a 1991. Mai kallo ya fita yana tunanin Stark da Captain America za su shirya ko ba za su shirya ba, ya manta da benen Legas.

Wannan dabara ta shafa wa mai ƙorafi kashin kaji ta zama ruwan dare. Black Panther na 2018 ya zo da bos mafi ƙarfin hujja da Marvel, kamfanin da ke yin waɗannan finafinai, ta taɓa yi. Killmonger yaro ne da aka kashe ubansa a Oakland a 1992, kuma sarkin Wakanda ne ya kashe shi, wanda ɗan'uwan uban ne na jini, sannan aka bar yaron a can don a rufe asiri. Ya girma yana tambayar ina Wakanda take da arzikinta da makamanta lokacin da ake sayar da baƙar fata ana mulkin mallaka. Ya tsaya a gidan tarihi a Landan ya tambayi jami'ar wurin yadda kakanninta suka samo kayan da ke cikin gilashi, tambayar da duk wanda ya san abin da sojojin Ingila suka kwasa daga Benin a 1897 zai ji ta a ƙirji. To me za a yi da bos ɗin da ya fi akta gaskiya? Sai aka sa ya harbe budurwarsa, ya shaƙe wata dattijuwa, ya nemi kunna wa duniya wuta. Da an yi haka an sauke wa mai kallo nauyi. A gefe guda kuma ga jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, an mai da shi aboki na gari mai taimakon ƙasar Afirka, alhali kwamitin majalisar dattawan Amurka da kansa ya tabbatar a 1975 cewa hukumar ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba, firaministan Kongo na farko. Gaskiya ne fim ɗin ya yarda cewa Amurka ce ta horar da Killmonger kan yadda ake rusa gwamnatoci, amma a jimla biyu aka wuce wurin.

Akwai dalilin da ya sa ba a zurfafawa. Disney ta sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, kuma fim ɗaya, Endgame na 2019, ya tara kusan dala biliyan 2.8. Jarumin da ake sayar da rigarsa da jakar makaranta mai hotonsa ba zai yiwu a bar shi da laifin da ba ya wankuwa ba. Ga kuma hannun soja. Ma'aikatar tsaron Amurka tana ba masu fim aron jirage da sansanoni bisa sharaɗin ta duba rubutun labarin. A sansanin sojin sama na Edwards aka ɗauki wani ɓangare na Iron Man na 2008, labarin dillalin makamai da ya tuba, sannan ya ƙera wa kansa makamin da ya fi duk wanda ya taɓa sayarwa, ya tashi ya shiga Afganistan ya yanke hukunci shi kaɗai. Da aka zo The Avengers na 2012 ma'aikatar ta janye hannu, kuma dalilin da jami'inta ya bayar shi ne sun kasa gane wa hukumar tsaro ta cikin fim ɗin, S.H.I.E.L.D., take yi wa biyayya. Sojan ma ya ga giɓin da marubutan suka tsallake.

Labarai biyu ne na ga sun ƙi wannan sassauci. Na farko Watchmen, wanda Alan Moore da Dave Gibbons suka wallafa a 1986 zuwa 1987, aka mai da shi fim a 2009. A nan wanda ya fi kowa basira cikin sadaukan ya kashe miliyoyin mutane don ya tsorata Amurka da Tarayyar Sobiyet su haɗa kai su fasa yaƙin nukiliya, kuma dabarar ta ci. Sauran suka yi shiru don kada zaman lafiyar ya rushe. Mutum ɗaya da ya ce sai ya faɗa wa duniya, aka kashe shi a cikin ƙanƙara, shi ma kuma hannunsa ba a wanke yake ba, mai karya yatsun mutane ne a mashaya don neman labari. Babu inda mai kallo zai jingina ya huta.

Na biyu shi ne The Boys, mai dogon zango da ya fara a 2019. Ba na yara ba ne ko kusa, akwai batsa da zubar da jini fiye da ƙima, kuma ba na ba kowa shawarar ya nema. Amma ya yi abin da sauran suka kasa: ya fara daga wanda aka taka. Wani saurayi na tsaye a bakin titi riƙe da hannuwan budurwarsa suna hira, sai wani sadauki mai gudun walƙiya ya bi ta cikinta ya wuce, aka bar saurayin riƙe da hannuwa biyu kawai. Bayan kwana kaɗan lauyan kamfanin da ya mallaki sadaukan ya zo da takarda da tayin dala 45,000, a sa hannu a yi shiru. A nan sadauki haja ne, kamfani ne ke tallarsa, yana share masa ɓarna. Babbansu, Homelander, ya bar jirgin sama cike da fasinja ya faɗi bayan shi da kansa ya lalata na'urorin tuƙin, sannan ya tsaya gaban kyamara yana jimami. A ƙarshen zango na uku ya kashe mutum a bainar jama'a, aka yi tsit na ɗan lokaci, sai magoya bayansa suka ɓarke da tafi.

Ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon bayani kan mai ɗaukar doka a hannu ba. Lokacin da matasan Maiduguri suka fito da gora a 2013 suka tunkari Boko Haram, jama'a sun sa musu albarka, kuma sun cancanta. Haka 'yan sa-kai a Zamfara da Katsina suka taso saboda an bar ƙauyuka ba mai tsaronsu. Amma mun kuma ji koke-koken kisa ba shari'a, da kama mutum saboda kamanninsa ko yarensa, da ramuwar gayya da ta biyo baya ta cinye waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Buƙatar da ta haifi ɗan sa-kai gaskiya ce, haɗarin da ke tattare da shi ma gaskiya ne, kuma kyakkyawar niyyarsa ta ranar farko ba ta gaya mana abin da zai yi a shekara ta biyar. Shi ya sa huɗubar Sayyidina Abubakar ta ranar da aka yi masa mubaya'a take da nauyi, inda ya ce idan ya kyautata a taimake shi, idan ya karkace a miƙar da shi. Bai ce a dogara da zuciyarsa ba, alhali ya fi kowa cancantar a dogara da ita.

A cikin Civil War akwai mace ɗaya da aka bari ta yi magana a madadin matattu. Ta tare Stark a bakin lif bayan ya gama raba wa ɗalibai kuɗin bincike, ta sa hannu a jaka, ya zabura ya riƙe ta yana zaton makami ne, ashe hoton ɗanta ne da ya mutu a Sokovia yana aikin sa-kai na gina gidaje. Ta manna masa hoton a ƙirji ta tafi. Fim ɗin ya kusa awa biyu da rabi, ita ba ta wuce 'yan mintuna ba, kuma Ba'amurkiya ce. Yarjejeniyar da mutuwar ɗanta da ta mutanen Legas ta haifar ba ta yi tsawon rai ba. A 2022, a cikin wani shirin barkwanci na Marvel, wani lauya ya ambata a tsakiyar wata shari'a cewa ai an soke ta, aka ci gaba da sauraron ƙara.